Rana Ba Ta Ƙarya: Ina Lauyoyin Daura A Maganar Wutar Lantarki?

Ɗan'uwa mai karatu, yau da tambaya zan fara maka. A ce unguwarku ta yi kwana arba'in babu wuta, taransifoma ta ƙone, masu cajin waya sun ninka kuɗi, mai ƙanƙara ya rufe shago, wa za ka fara nema? Na san amsarka. Za ka ce ma'aikatan wuta, ko kansila, ko wani mai hannu da shuni a unguwa, in abin ya ƙi ci a bi gida-gida a haɗa kuɗi. Da wuya ka ji wanda zai ce a nemo lauya. A tunaninmu lauya na rikicin gado ne da na fili, sai kuma ranar da 'yan siyasa suka tafi kotun zaɓe. To ni dai ra'ayina shi ne, a yau maganar wuta a ƙasar Daura tana buƙatar lauya mai kishin gida fiye da yadda muke zato. Idan ba mu samar da namu ba, wasu ne za su rubuta takardun, mu kuma mu dangwala yatsa mu yi ta biya.

Abin da ya ja hankalina kan wannan batu shi ne rayuwar wani lauya da kowa ya sani a garin nan, wato Farfesa Yemi Osinbajo, wanda ya yi wa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari mataimaki daga 2015 zuwa 2023. Yawancinmu da kujerar mataimakin shugaban ƙasa muka san shi, amma mutumin ya daɗe yana cin tuwo da shari'a kafin siyasa. An haife shi a Legas a 1957, ya yi digirin shari'a a Jami'ar Legas, ya ƙaro karatu a Landan, ya dawo ya fara koyarwa a jami'ar tasu a 1981. Ya yi wa ministan shari'a na tarayya Bola Ajibola mai ba da shawara, ya zama farfesa, ya samu lambar girma ta SAN. Daga 1999 zuwa 2007 shi ne kwamishinan shari'a na jihar Legas, kuma a zamaninsa ne jihar ta buɗe ofishin lauyoyin da ke kare talaka kyauta, da cibiyar sasanta rikici ba sai an je gaban alƙali ba. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Me ya haɗa irin wannan mutum da farantan sola? A 2020, lokacin da korona ta durƙusar da komai, shi ya jagoranci kwamitin da ya tsara yadda za a farfaɗo da tattalin arziƙi. A cikin tsarin akwai shirin da aka kira Solar Power Naija, wanda ya yi alƙawarin haɗa gidaje da shaguna miliyan biyar da wutar sola, mutum kusan miliyan 25 ke nan. Ka san inda aka je aka ƙaddamar da rabon na'urorin a watan Afrilun 2021? Jangefe, a ƙaramar hukumar Roni ta masarautar Kazaure. Maƙwabtanmu ne na kusa, duk mai zuwa Kano daga Daura ta Kazaure yake ratsawa. Kafin nan, a 2019, shi ne ya buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. A watan Agustan 2022 ya ƙaddamar da tsarin da Najeriya za ta bi ta koma ga makamashi mai tsafta, bayan alƙawarin da Buhari ya ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa kafin 2060. Da ya sauka daga mulki kuma, a watan Yulin 2023, sai ya karɓi aikin mai ba da shawara a ƙawancen GEAPP, wanda gidauniyoyin Rockefeller da IKEA da Bezos suka kafa don nemo kuɗin samar da makamashi mai tsafta a ƙasashe masu tasowa.

Abin da ya fi burge ni a tafiyar tasa shi ne da ya shiga harkar bai ajiye halin lauya ba. Ya ɗauki Afirka tamkar wanda yake karewa a kotu. A 2021 ya yi rubutu a mujallar Foreign Affairs ta Amurka yana ja da manyan ƙasashen da ke son a daina ba da kuɗi ga ayyukan iskar gas a nahiyarmu. Hujjarsa a fili take: duk Afirka ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, waɗanda suka ƙona gawayi da mai suka yi arziƙi su ne yanzu ke cewa talaka ya tsallake gas, alhali matarsa tana girki da icce. Wanda ya taɓa ganin yadda ake lodin icce daga ƙauyukan Zango da Baure, a yankin da hamada ke matsowa kowace shekara, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Tukunyar gas a gidan mai ƙaramin ƙarfi bishiya take ceta. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ka ga amfanin mutumin da ya iya tsayawa gaban manya ya jera hujja ɗaya bayan ɗaya.

Yabon gwani ya zama dole, amma kada ka ɗauka waƙa na zo yi masa. Alƙawarin nan na miliyan biyar bai cika a wa'adin da aka ɗiba ba. Ka hau babur ka zagaya ƙauyukan Sandamu da Mai'aduwa da dare, ka ƙirga gidajen da ke da fitilar shirin, sannan ka ƙirga masu haska tocilan ɗin waya. Babban Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum kusan miliyan 85 ne a Najeriya ba su da wutar lantarki ko kaɗan. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 har yau tana rabon megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar ne a babban layinta. Lauya ya zauna a kujera ta biyu shekara takwas, wani babban lauyan, Babatunde Fashola, ya riƙe ma'aikatar wuta daga 2015 zuwa 2019, ga shi dai muna cikin duhu. To sai ka ce, ashe ma lauyoyin ba su tsinana komai ba, me ya sa kake neman a ƙaro mana su?

Amsar tana nan cikin jiharmu, a Kankiya. A watan Yulin 2016, kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su gina manyan tashoshin sola, jimillar megawat 1,125, mafi yawansu a Arewa. Ɗaya daga ciki, Pan Africa Solar, zai gina mai megawat 75 a Kankiya. Ka tsaya ka auna wannan adadi, ya ninka tashar Jami'ar Bayero sau goma. Rana tana nan, fili yana nan, masu kuɗin sun zo. Me ya hana? An daidaita farashi a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane kilowat a awa, daga baya gwamnati ta ce ya yi tsada, ita santi 7.5 za ta biya. Aka kuma yi ta jan ƙafa kan takardar lamunin da ke fayyace wanda zai ɗauki asara idan ciniki ya watse, alhali babu bankin da zai saki kuɗi sai da ita. Shekaru suka wuce, ko ɗaya daga cikin tashoshin nan 14 ba a gina ba. Babu waya ko ɗaya da ta tsinke, babu injin da ya lalace. A kan tebur aikin ya mutu, a tsakanin sakin layi da sakin layi.

Yanzu ka tambayi kanka, a teburin nan wa ya zauna da sunan mutanen Kankiya, ko na Katsina baki ɗaya? Gwamnatin tarayya tana da lauyoyinta, kamfani yana da nasa, bankuna suna da nasu. Mai walda da ke jiran wutar, da matar da ke son buɗe injin markaɗe, ba su da kowa. Da aikin ya tsaya, babu wanda ya rubuta takarda da sunansu ya nemi a bayyana dalili, duk da cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar yin hakan. Haka labarin tashar iska ta Lambar Rimi yake, mai megawat 10 da fankoki 37, wadda aka faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Gaskiya ne rashin tsaro ya taɓa ta, domin a watan Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Rimi. Amma mutumin ya kuɓuta tun 2013, fankokin kuwa suka ci gaba da tsayuwa shekara da shekaru kamar kayan ado a bakin hanya. Kwangila ce aka bayar da kuɗin jama'a, tana da wa'adi, tana da sharuɗɗa. Wa ya bi sawun sharuɗɗan? Ka ga ashe abin da muka rasa shi ne lauyan da ke gefenmu. Na gefen gwamnati da na gefen kamfani kam ba a taɓa rasa su ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne kiɗan ya canza. A watan Maris na 2023, dab da zai sauka, Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yunin shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. Ma'anar wannan a taƙaice, jiha za ta iya yin dokarta, ta kafa hukumarta, ta ba da lasisi, ta tsayar da farashi. Jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo tun 2024 hukumar NERC ta fara miƙa musu ragamar kasuwarsu. Wato shawarar da a da sai Abuja, yanzu tana iya dawowa Katsina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Daura. Kowace doka irin wannan mutane ne ke zama su rubuta ta. A cikinta ne za a faɗi ko ƙauyen da ke bakin iyakar Kongolom yana da haƙƙi daidai da unguwar manya a birnin Katsina, ko kuwa sai abin da ya rage. Idan ranar sauraron ra'ayin jama'a ta zo a majalisar jiha, wa zai miƙe da takarda a hannu ya yi magana da yawun ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa?

Mu nan mun fi kowa sanin darasin da ke cikin wannan. Mun yi ɗa a fadar shugaban ƙasa shekara takwas, mun samu Jami'ar Sufuri, mun samu kwalejin fasaha ta tarayya, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta garin. Mun gode. Amma mulki ya ƙare a 2023, a watan Yulin 2025 kuma muka yi jana'izar Baba Buhari a gidansa, Allah ya jiƙansa. Zamanin a ɗaga waya a kira wani a Abuja ya wuce. Abin da ya rage mana shi ne abin da ke rubuce, da wanda ya iya karanta shi ya tsaya a kansa. Ka tuna watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, yawancin jihohinmu suka yi fiye da mako guda cikin duhu? Rannan babu wanda aka bari don garinsu ya yi shugaban ƙasa. Wanda ke da sola ne kaɗai ya sha ruwan sanyi.

Bari in sauko da maganar ƙasa, ka ga aikin da nake nufi. Tun 2016 NERC ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta na gari guda, aka sabunta ta a 2023. A ƙarƙashin ƙa'idar ta 2023, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, wadda ta fi haka har zuwa megawat ɗaya kuma sai da izini. Kafin kamfani ya kafa, sai ya ƙulla yarjejeniya da mutanen garin. Idan wurin akwai layin kamfanin rarraba wuta, kamar KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, yarjejeniyar ta zama ta ɓangare uku. Ga kuma kuɗi na tafe, domin a watan Disambar 2023 Babban Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda ke son kai wutar sola ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, REA. Kamfanoni za su shigo ƙauyukanmu da takardu masu shafi da yawa, cikin Turancin da ko mai digiri sai ya yi ta maimaitawa. Za a tara dagaci da masu unguwa a ƙarƙashin bishiya, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a sa hannu. Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi? Wa ke da ikon ƙara farashi, kuma sau nawa a shekara? Idan batir ya mutu aka yi wata biyu babu wuta, wa zai biya mai shagon da kayansa suka lalace? Idan kamfanin ya tattara ya tafi, na wa ne farantan? Dagaci mutum ne mai daraja, amma ba aikinsa ba ne gane tarkon da ke shafi na talatin.

Sai maganar fili, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Tashar sola cin ƙasa take, kowane megawat ɗaya yana buƙatar hekta ɗaya zuwa biyu. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, tana kuma ba shi ikon karɓar gona don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da gini da abin da mutum ya kafa, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Ka ɗauki manomin da gonar gero ɗaya ya gada, wadda ba ta da ko takardar shaida. Ranar da aka zo da ma'auni, idan babu mai tsaya masa, zai karɓi kuɗin da ba zai kai shi baɗi ba, ya koma kallon faranti yana sheƙi a inda kakansa ya yi huɗa. Lauyan da ya san aikinsa zai iya nema masa haya ta shekara-shekara maimakon sallama, ko kaso a cikin ribar, ko a rubuta cewa 'ya'yan garin ne za a fara ɗauka aiki, ko a bar wa makiyaya burtali. Makamashi mai tsafta da aka gina kan ƙwacen gona, wallahi sunansa kawai ke da tsafta.

Ko a cikin gari ma, haƙƙoƙi nawa muke da su da ba mu sani ba? NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na unguwa ba, kuma idan jama'a za su sa kuɗinsu sai da rubutacciyar yarjejeniyar yadda za a mayar musu. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar ta ƙayyade iyakar abin da za a caji wanda ba shi da mita. A watan Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin 'yan rukunin A zuwa naira 225, sharaɗin shi ne a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. Akwai kuma hanyar ƙorafi a jere: ka fara da ofishin koke na kamfanin, in ba a biya maka buƙata ba ka wuce zauren sauraron koke na NERC, daga nan sai hukumar kanta. Tsakani da Allah, mutum nawa ka sani da suka taɓa bin wannan hanya? Mu dai mu yi tsaki a majalisar shayi, mu zagi NEPA da aka rushe tun muna cikin zanin goyo, gobe mu sake haɗa kuɗi. Haka a kasuwar sola. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, manoman rani a bakin madatsun Sabke da Daberam da sauran fadamu suna ta sha'awar komawa injin ban-ruwa mai sola, masu shaguna na sayen inbata da batir. Wani zai sayar da tumakinsa ya sayi batir ɗin da aka ce sabo ne, wata uku ya daina riƙe caji, babu rasit, babu garanti. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya tana nan da hukumarta, FCCPC. Wanda zai nuna masa ƙofar ne babu.

Na san abin da wani zai ce: lauya ai kuɗi yake nema, kuma duk wannan surutu na sauyin yanayi hanyar cin dalar Turawa ce, a sa kwat a tafi taro a dawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai masu yawon taro da ba su taɓa kwana a garin da babu wuta ba. Amma maganin wannan ai shi ne namu su shiga, waɗanda in sun dawo daga taron dole su kwana a Daura su sha zafin watan Afrilu tare da mu, kuma in sun yi ƙarya mun san ƙofar gidansu. Batun neman kuɗi kuwa, ba laifi ba ne, ba kuma cewa na yi kowa ya yi aikin sadaka ba. Kamfanonin sola na buƙatar masu rubuta musu kwangila, sababbin hukumomin jihohi za su buƙaci masana doka, bankuna ma haka. Fage ne da bai cika ba tukuna, ba kamar ƙofar kotun majistare da lauyoyi ke rububin belin mutum ɗaya ba. Mai ilimin zai ci abinci, ya kuma ware rana ɗaya a mako ya duba wa ƙauyensu takarda. Wani kuma zai ce kotun Najeriya ba ta da tabbas. To a 2005 Babbar Kotun Tarayya a Benin ta yanke hukunci a ƙarar Jonah Gbemre cewa ƙona iskar gas a garinsu tauye haƙƙin rayuwa ne. Ba a aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ba, amma ya zama tsani. A 2018 Kotun Ƙoli ta amince ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin shigar da ƙara kan gurɓata muhalli, a shari'ar da wata ƙungiya ta yi da NNPC. Mutanen Neja Dalta ba zama suka yi aka kawo musu waɗannan ba, lauyoyinsu ne suka yi ta bugun ƙofa.

Ke ma 'yar'uwa mai karatu, kada ki ce wannan fagen maza ne. Ifeoma Malo lauya ce, ta yi aiki a matsayin mai ba ministan wuta shawara, ta jagoranci gangamin Power for All a Najeriya, yanzu tana shugabantar cibiyar Clean Technology Hub a Abuja. Ba ta jira ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa ba. Kuma ai mace ce ta fi kowa sanin kuɗin duhu: ita ke shaƙar hayaƙin icce, ita ke haihuwa a asibitin ƙauye da hasken waya, sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo ce ke fara mutuwa in an ɗauke wuta. Garin da tarihinsa ya fara da sarautar mata, har ake kiran sa da sunan Daurama, bai kamata a ce ya rasa 'ya mace da za ta tsaya masa a wannan fage ba.

Kayan aikin kuma muna da su a gida. A cikin garin Daura akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, wadda aka san ta da koyar da shari'a. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa akwai tsangayar shari'a, akwai kuma cibiyar binciken makamashi mai sabuntawa da ke ɗauke da sunan tsohon gwamna Ibrahim Shehu Shema, wanda shi kansa lauya ne. Tsangaya da cibiya suna harabar jami'a ɗaya, me zai hana su haɗa kwas guda kan dokar makamashi? Me zai hana kwalejinmu ta Daura ta buɗe teburin taimako ko da sau ɗaya a mako, inda ɗalibai, ƙarƙashin kulawar malamansu da lauyoyin ƙungiyar NBA, za su taya mutane rubuta ƙorafin bil, su karanta wa gari yarjejeniya kafin a sa hannu? Wannan shi ne irin abin da Osinbajo ya yi wa talakan Legas da ofishin kare su kyauta, tun kafin ya san zai yi maganar sola. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura ma tana da rawar takawa: umarni ɗaya ga hakimai da dagatai cewa kada a sa hannu a takardar fili ko ta wuta sai masanin doka ya duba, zai hana kuka mai yawa nan gaba. Mu kuma masu koyon aikin jarida, namu shi ne mu juya waɗannan dokoki zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane a rediyo, mu kuma riƙa komawa kan kowane aikin da aka ƙaddamar bayan shekara guda mu ga ko fitilar tana ci.

Osinbajo ya haura shekara sittin kafin ya mai da wannan harka babban aikinsa, bayan ya gama koyarwa, ya gama kwamishina, ya hau kujerar mulki. Kai da ke aji biyu a tsangayar shari'a, ko kike shirin tafiya makarantar horon lauyoyi, ba ku da dalilin jiran furfura. Dokar 2023 tana intanet kyauta, ƙa'idar ƙananan tashoshi ma haka, kuɗin data ne kawai. Ku sauke su ku karanta, ku zaɓi batun kundin kammala karatunku daga ciki, in an yi hutu ku je ku tambayi mai garinku ko wani kamfani ya taɓa kawo masa takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kamfanonin sun riga sun kama hanya. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Tamu ranar kullum tana fitowa a kan lokaci, tun daga Kusugu har bakin iyaka. Saura mu.